Rabin Kan Sarauniya: Daga Kano Zuwa Kalaba da Opobo

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aiki a gidan waya. Da aka buɗe akwatinsa na ƙarfe bayan sadakar bakwai, ba a sami komai a ƙasansa ba sai takardun fansho da wani littafi mai baƙin bango cike da kan sarki. Babu wanda ya waiwayi littafin. Babbar yayarmu ce ta miƙo mini shi, ta ce, "Ungo, kai ne mai son tsofaffin takardu."

Sai da na yi kusan wata biyu kafin na iya buɗe shi. Yawancin abin da ke ciki na zamanin aikinsa ne: na ranar samun 'yancin kai, masu hoton tsuntsaye da namun daji, na Gana, na Saudiyya da ya ɓanɓaro daga wasiƙun alhazai. A shafin ƙarshe kuma na tarar da wata 'yar farar takarda mai shara-shara, an naɗe ta kamar laya. Da na warware, sai ga rabin kan sarki. Ba yagewa ya yi ba, yanka shi aka yi da gangan daga kusurwa zuwa kusurwa, ya fito da kusurwa uku. Launinsa shunayya ce da ta koɗe. Ana ganin kambi da goshin wata mata, da guntun baƙaƙen haruffa, sannan an buga ½d da jan tawada a kai. A jikin takardar naɗin mahaifina ya rubuta da fensir, da wannan rubutun nasa mai kwanciya: Old Calabar, 1893.

Bai taɓa zuwa Kalaba ba, iyakar sanina. Wannan ne ya hana ni sukuni har na shirya na tafi.

Na bar Kano cikin watan Janairu, hazo ya rufe gari, kowa ya ƙudundune. Muka kwana a Makurɗi, da asuba muka kama hanyar Gboko da Katsina-Ala, inda lemo da doya ke jibge a bakin titi, muka wuce Ogoja da Ikom da Ugep. Tun daga Ikom na tuɓe rigar sanyi, leɓena da ya tsattsage ya fara laushi. Kafin mu shiga Kalaba da la'asar, dajin ya yi duhu, bishiyoyin kwakwar manja sun jeru dama da hagu ba iyaka. A lokacin ban gane cewa su ne tushen labarin da nake bi ba.

A Bogobiri na sauka, unguwar Hausawa da ke tsakiyar gari. In ka rufe ido a nan da daddare sai ka rantse a Fagge kake: hayaƙin tsire, masu shayi, masu canjin kuɗi, kiran sallar isha'i. Mai masaukina ɗan asalin ƙasar Katsina ne amma a nan aka yanke cibiyarsa. Ya ce kakanninsu wasu fatauci ya kawo su, wasu aikin soja a zamanin Turawa. Da na nuna masa abin da ya kawo ni, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, tun daga Kano saboda wannan?" Ba da raini ya faɗa ba. Washegari shi ne ya yi ta bugun waya har aka haɗa ni da wani dattijo, ɗan ƙabilar Efik, tsohon ma'aikacin gidan waya wanda ya yi aiki a Zariya da Kaduna kafin yaƙin basasa. Aka ce in zo bayan azahar.

Da hantsi na hau tudun da tsohon gidan Razdan yake, wanda yanzu gidan tarihi ne. Ginin katako ne mai hawa, da baranda ta kewaye shi. A Birtaniya aka sassaƙa shi, aka ɗauko shi gunduwa-gunduwa a jirgin ruwa, aka harhaɗa a nan a 1884. Daga barandar kana hango kogin Kalaba shimfiɗe a ƙasa, ruwansa ja-ja, da duhun daji a ƙetare. Na tsaya a nan na daɗe, domin duk abin da hukumar wancan zamani take taƙama da shi ta wannan kogin yake shigowa: albashi, harsashi, magani, umarni daga Landan, takardar rubutu, har da kan sarki. In jirgin Liverpool ya yi latti, sai kowa ya yi haƙuri da abin da ke hannunsa.

A 1885 Ingila ta ayyana wannan yanki a matsayin ƙasar da take karewa, ta sa masa suna Oil Rivers, wato Kogunan Manja. Ba su ɓoye abin da ya kawo su ba, a sunan ma sun faɗa. Manja ne ake kai wa masana'antun sabulu da kyandir da man shafa wa injuna a Ingila. A 1891 aka turo Claude MacDonald ya kafa mulki sosai, hedikwatarsa a nan Tsohuwar Kalaba, da ƙananan jami'ai a bakin koguna irin su Bonny da Brass da Opobo. A 1892 aka aiko musu da kan sarkinsu na farko. Ba sabo aka zana ba, na Ingila aka ɗauko aka buga masa BRITISH PROTECTORATE OIL RIVERS da baƙar tawada. Iri shida ne: na ɗari, na kwabo, na kwabo biyu, na kwabo biyu da ɗari, na kwabo biyar, da na sule.

Yaran yanzu ba su san wannan lissafi ba, bari in tsaya a kansa kaɗan. Kwabo goma sha biyu ne sule, sule ashirin ne fam. Rabin kwabo shi ne ɗari, wasu su ce sisin kwabo, wanda har yau muke cewa "ba ni da ko sisin kwabo" ba tare da mun taɓa riƙe shi ba. To ½d ɗin da ke kan guntun mahaifina ɗari ke nan. An ɗauki na kwabo an raba shi biyu, kowane ɓari ya zama na ɗari.

Gidan dattijon yana can wajen Duke Town, a wani lungu mai gangara. Na same shi a kujerar katako a baranda, ya haura tamanin, idonsa ɗaya ya yi fari. Na yi sallama da Turanci, ya amsa mini da Hausa, irin Hausar Zazzau ta da, mai nauyi. "Sannu da zuwa, ɗana. Ina gajiya? Ɗan ma'aikacin gidan waya ɗana ne." Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi ofisoshin da mahaifina ya yi aiki, ya girgiza kai, bai san shi ba, amma ya san irin teburin da ya zauna a kai da irin ma'aunin da ya auna wasiƙa da shi.

Na zaro 'yar takardar zan ɗauko guntun da yatsa, ya daka mini tsawa. "Kul! Ba a taɓa shi da hannu." Ya aiki jikarsa ta ɗauko wani gwangwanin biskit. A ciki akwai matsefata mai faɗin baki, da gilashin ƙara girma, da wani ƙullin shinkafa a tsumma. Ya ce shinkafar ce ke shanye laima, domin a garin nan in ka bar takarda shekara biyu sai ta yi ɗigo-ɗigon tsatsa kamar fatar ayaba. "Ku a Arewa Allah ya ba ku busasshiyar iska. Shi ya sa na mahaifinka ya kai yau."

Ya ɗauki guntun da matsefatar, ya kai shi kusa da idonsa mai gani. Ya bi haƙoran gefen ɗaya bayan ɗaya. Ya kifa shi, ya duba bayan, babu sauran danƙo, sai ɗan ɓurɓushin farar takarda da ya manne a gefe guda. Sannan ya ɗaga shi sama saitin hasken rana ya ce in matso. A cikin jikin takardar kanta, ba a samanta ba, na ga wata inuwa. Ya ce tambarin ruwa ke nan, hoton kambi da ake sakawa tun wajen yin takardar don hana jabu, ga rabinsa nan. Tun daga Kano nake kallon abin nan kullum, ban taɓa ganin wannan inuwar ba.

"Kan sarkin na gaske ne," in ji shi. "Kwabon Sarauniya Biktoriya ne mai ruwan shunayya, wanda Ingila ta fara bugawa a 1881. Baƙin rubutun ma bai yi mini kama da na ƙarya ba. Jan nan ne ba zan rantse a kansa ba."

Na ce, "Baba, me ya sa?"

Ya ajiye gilashin ya gyara zama. Ya ce a watan Satumba na 1893 na ɗari ya ƙare a Tsohuwar Kalaba. Shi kuwa na ɗari shi ne na aika jarida da takardun farashi da sauran abin da aka buga a inji, kuma shi ake ƙarawa a kan na kwabo biyu a cika kuɗin wasiƙar Ingila. A watan Mayu na shekarar an riga an sauya wa ƙasar suna zuwa Niger Coast, an ba kamfanin Waterlow na Landan aikin buga sababbi, ba su iso ba. Sai aka ɗauko na kwabo, aka buga masa layi a karkace da ½d a kowane ɓangare, da jan tawada, wasu kaɗan da shunayya, aka sa almakashi. Da hannu aka yi bugun, a nan garin. Abin da hannu ya yi a Kalaba kuwa, wani hannun zai iya kwaikwayonsa a Landan ko Faris bayan shekara ashirin, kuma an kwaikwaya. Ya ce in ina son tabbaci sai in aika wa kwamitin ƙwararru na ƙungiyar masu tara kan sarki ta Royal Philatelic Society a Landan, su gwada shi da waɗanda aka tabbatar, su ba da takardar shaida.

Daga nan hira ta yi nisa, har jikar ta kawo mana ruwan kwakwa. Ya ce raba kan sarki ba Kalaba ce ta fara ba. Amurka ta fitar da nata na farko a 1847, iri biyu kacal, na santi biyar da na santi goma. In na biyar ya yanke a wani ƙauye, sai a datsa na goma a liƙa rabi. Bayan 1851 an yi haka da na santi goma sha biyu, musamman a wasiƙun da ke fitowa daga California. A tsibiran Falkland ma an raba na kwabo a 1891. Amma hukumomi ba sa son abin, kuma dalilinsu a fili yake: in hatimin gidan waya ya faɗa a gefe ɗaya na kan sarkin da aka riga aka yi amfani da shi, mai wayo zai yanke gefen da tawada ba ta taɓa ba ya sake aika wasiƙa da shi. Shi ya sa Amurka ta hana daga baya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayaninsa a kan ambulan. Ya ce rabin da ba a buga masa komai ba, in ka ɓanɓare shi daga wasiƙarsa ka kashe shi. Kowa na iya sa reza ya raba kan sarki yau da safe. Abin da ke ba da shaida shi ne hatimin gidan waya ya hau kan rabin, ya tsallake bakin yankan, ya sauka a kan takardar ambulan, da sunan gari da kwanan wata, kuma kuɗin ya yi daidai da abin da ake biya a wannan hanya a wannan shekara. Nan ne ake sanin cewa wani ma'aikaci ya karɓa, jirgi ya ɗauka, wani ya buɗe ya karanta. Ya nuna ɓurɓushin takardar da ke bayan nawa da bakin matsefata. "Wannan ya taɓa zama a jikin wani abu. Wanda ya jiƙa shi ya cire, ya yar da sunan mai aikawa da na mai karɓa, ya riƙe hular ya bar mutumin."

Na tambaye shi ko duk buƙata ce ta sa aka yi waɗannan abubuwa. Ya yi shiru, sannan ya ce na Satumba ya yarda da shi. Amma a watan Disamba na wannan shekarar an sake fito da wasu a nan Kalaba, ba rabi ba, cikakku da aka sauya wa daraja: na kwabo biyu ya koma na ɗari, ko na sule, ko na sule biyar, na kwabo biyar ya koma na sule goma, na sule ya koma na sule ashirin. Ga tawada kala-kala, ja da shuɗi da kore da baƙi da shunayya, ga haruffa iri-iri, wani a kife, wani a kwance. "Ɗana, wa ke aika wasiƙar fam guda daga Kalaba a 1893? Ma'aikacin da kayan aiki suka ƙare masa ba ya neman tawada kala biyar." Masu tara kan sarki da yawa sun daɗe da wannan zargi, cewa wasu jami'ai da 'yan kasuwa sun gane akwai masu saye a Turai, sai suka mayar da ƙarancin sana'a. Ni ma ra'ayina ke nan, kuma abin ya ɓata mini rai fiye da yadda na zata. Na taso ina ganin mahaifina yana lissafa kan sarki ɗaya-ɗaya kafin ya rufe ofis, in kwabo ya ɓace ba ya cin abincin dare da daɗi. Ga shi waɗancan na sule ashirin ɗin, da ake zargin ba don wasiƙa aka yi su ba, su ne yau suke cikin mafi tsada a duk kan sarkin Afirka ta Yamma.

Da zan tashi ya ce shi ma yana da rabi ɗaya na Kalaba a wani wuri cikin kayansa, tun shekarun 1970 ya saye shi. In na dawo daga Opobo in biyo, zai sa a nemo.

Hanyar Opobo daga Kalaba sai ka zagaya. Muka tsallake gadar Itu, muka ratsa Uyo, muka gangara Ikot Abasi a bakin kogin Imo. A wannan garin ne sojojin mulkin mallaka suka buɗe wa mata wuta a watan Disamba na 1929, lokacin boren da matan yankin suka yi kan haraji. Daga nan na shiga kwalekwale mai inji. Ni mutumin tudu ne, na ɗaure rigar ruwa tam, na yi addu'ar shiga jirgi a bayyane, wata mata mai kwandon busasshen kifi ta matsa ta ba ni wuri a tsakiya inda ba a jin tangaɗi sosai. Kogin yana da faɗi ƙwarai. Gefe da gefe itatuwa ne masu saiwa a waje, tsaye a cikin laka kamar masu tattare riga za su tsallake ruwa. Iskar tana da gishiri, teku ba nisa.

Ba wani gini na je nema ba. So nake in ga wurin da idona, domin abin da aka yi a Kalaba an maimaita shi a kogin Opobo a 1894, daga Mayu zuwa Oktoba, har ya fi yawa. A nan yawanci a tsaye aka raba su, daga sama zuwa ƙasa, wasu kaɗan a karkace. Na kwabo aka raba aka buga wa kowane ɓari ½, na kwabo biyu aka raba aka buga masa 1. Babban ofishi ma kaya na yanke masa, balle reshe da ke bakin wani kogi.

Opobo gari ne matsattse, gidaje manne da juna, kowane babban gida da sunan kakansa da tarihin jiragen yaƙinsa. A tsakiyar gari mutum-mutumin Sarki Jaja yake tsaye a kan dakali, an kafa shi a 1903. Labarinsa sananne ne. Yaro ne daga ƙasar Ibo da aka sayar bawa a Bonny, ya taso da ƙwazonsa har ya shugabanci gidan Anna Pepple. Da rikici ya ɓarke a 1869 ya kwashe mutanensa ya zo nan ya kafa gari a 1870, a daidai inda zai tare hanyar manjan da ke gangarowa daga cikin ƙasa. Ya hana Turawa shiga kasuwannin ciki, ya ce duk mai son manja ya saya a hannunsa, har ya fara aika nasa kai tsaye zuwa Ingila. A watan Satumba na 1887 mataimakin jakadan Ingila, Harry Johnston, ya gayyace shi cikin jirgin yaƙi mai suna Goshawk da alkawarin zai koma gida lafiya. Bai koma ba. Aka yi masa shari'a a Akara, aka kai shi tsibirin St Vincent a can yammacin tekun Atlantika. Ya yi ta rubuta takardun neman a mayar da shi. Da aka yarda a 1891, sai ya rasu a hanya, a tsibirin Tenerife.

Na zauna a inuwa kusa da dakalin ina lissafi da yatsu. Shekara bakwai bayan an ɗauke shi, shekara uku bayan rasuwarsa, wani ma'aikaci a bakin wannan kogin yana zaune da almakashi yana raba kan Sarauniya biyu don kada wasiƙun kamfanoni su kwana. Wasiƙun kuwa me ke cikinsu? Gangar manja nawa aka loda, nawa farashi ya kai, a aiko da atamfa da taba da gishiri. Cinikin da Jaja ya hana su ne yake tafiya a cikin ambulan ɗin. Mutanen gari a lokacin ba da kwabo suke ciniki ba ma, da awarwaron tagulla suke yi, wanda bai daina yawo a wannan yanki ba sai da gwamnati ta janye shi a ƙarshen shekarun 1940. Kan sarkin ɗari ba nasu ba ne, a ƙasarsu dai aka yanka shi.

Sai tunanina ya koma gida. A ƙarshen 1893, watanni kaɗan bayan an raba na Kalaba, Sarkin Kano Bello ya rasu, garin ya faɗa cikin Basasa tsakanin Tukur da Yusufawa. Wasiƙun da suka yi ta kai da kawowa tsakanin Kano da Sakkwato a lokacin da Larabci aka rubuta su, hatimin sarki a sama, manzo a kan doki shi ne gidan wayar. Babu wanda ya san wani abu wai shi kan sarki na liƙawa. Sai a 1900 aka buga na Nijeriya ta Arewa, kuma Kano ba ta shiga hannun Turawa ba sai 1903, lokacin Biktoriya ta riga ta mutu, ɗanta Edward ne a kan takardar. Ina jin shi ya sa muka ce kan sarki, ba mu ce kan sarauniya ba.

Wani malamin makaranta da muka yi hira da shi a bakin dakalin ya san tarihin Jaja ciki da bai, har sunayen gidajen da suka biyo shi daga Bonny yana jerowa. Da na nuna masa hoton rabin Opobo a wayata, da sunan kogin garinsu a jikin hatimin, ya karɓi wayar da hannu biyu. Bai taɓa jin labarin ba. Ya kira ɗalibansa biyu da ke wucewa su ma su gani. Ya tambaye ni ina ainihin waɗannan suke yanzu. Na ce yawancinsu suna hannun masu tarawa a ƙasashen waje, sukan fito a kasuwar gwanjo lokaci-lokaci. Ya ce in tura masa hoton, zai nuna a aji ranar Litinin. Na tura masa a nan take, muka tsaya har ya shiga.

Na koma Kalaba bayan kwana biyu, ruwan sama ya tare ni a hanya duk da rani ne. Dattijon yana nan a barandarsa, gwangwanin a cinya. Tun kafin in gama gaisuwa ya ce, "An samu." Ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tebur, ya ɗauko nasa da matsefata ya ajiye. Rabin ƙasa ne, ga haɓa da wuya, ga jan ½d irin nawa. Gabana ya faɗi. Ya karɓi nawa ya ajiye a gefensa, ya riƙa tura shi a hankali da bakin matsefatar har bakin yankan biyu suka haɗu.

Fuskar ta kusa cika. Kambi ya hau kan wuya, kumatu ya haɗu da kumatu. Amma a kusurwa ɗaya nawa ya ɗan hau kan nasa, a ɗayar kuma an bar wata 'yar kafa kamar silin gashi, baƙin ƙyallen yana leƙowa ta ciki. Ya duba da gilashi, ya miƙo mini na duba. Ba tagwaye ba ne. Almakashi biyu ne, ko hannu ɗaya a rana biyu.

Muka bar su a haka muna kallo, har jikarsa ta zo ta leƙa ta kafaɗarsa. Ya tambaye ni ko zan aika Landan. Na ce ban yanke shawara ba tukuna, ina tsoron ya bar hannuna. Ya ce shi ma nasa bai taɓa aikawa ba.

Da la'asar ta yi ya ɗauke nawa, ya karɓi 'yar takardar naɗin, ya karanta rubutun fensir ɗin a hankali. Ya mayar da guntun ciki, ya bi tsofaffin lanƙwasar da mahaifina ya yi, ɗaya bayan ɗaya, bai ƙara sabuwa ba. Sannan ya kwance ƙullin shinkafarsa ya ɗebi kaɗan a wani tsumma ya ɗaure ya haɗa mini, ya ce in riƙe har in wuce Makurɗi, daga nan iskarmu ta isa.

"Allah ya jiƙan mahaifinka," in ji shi. "Ka gaida mini Zariya in kun ratsa."